Na haɗa sabuwar kwamfuta, fankoki na juyawa amma ekran baƙi ƙirin

Mai Hoto, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Taimako nake nema, hankalina a tashe yake. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar tebur da zan riƙa tace bidiyon biki da ita, saboda laftof ɗina ta gaji, da na ɗora mata aiki mai nauyi sai ta tsaya cak. Daren jiya na gama haɗawa. Ga kayan: firosesa Ryzen 5 5600, kartmer, wato babban allon da sauran kayan ke hawa kansa, MSI B450 Tomahawk Max, ram DDR4 guda biyu kowane giga 8, katin hoto GTX 1660 Super na hannu, akwatin wuta mai wat 550, sabon SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, irin na M.2 mai hawa jikin kartmer, sai tsohon SSD ɗin da na ciro daga laftof, mai Windows a kai. Firosesa da ram daga Duwala aka aiko mini a mota. Kartmer kuwa nan Garwa na same shi, sabo fil a kwalinsa. In na danna maɓalli fankoki duk suna tashi, har na katin hoto, amma ekran, wato allon kallo, ko gezau. Babu rubutu, babu ƙara. Akwai aikin mutane a hannuna, dangin amarya sun fara kira.

Na Kusiri:
Wa alaikumus salam. Akwatin wuta ne, kada ka wahalar da kanka. Waɗannan akwatunan da ke cika kasuwa, a rubuta 550 a jiki alhali ko rabinsa ba sa bayarwa. Je ka sayo mai kyau ka huta.

Ɗan Gidar:
Kafin a kai ga saye, a ina ka soka wayar HDMI? A sama wajen ramukan USB, ko a ƙasa jikin katin hoto?

Mai Hoto, Garwa:
A sama take, kusa da ramukan USB.

Ɗan Gidar:
To mayar da ita ƙasa. Ryzen 5 5600 ba shi da sashen hoto a cikinsa, sai mai G a ƙarshen suna irin 5600G ne ke da shi. Ramin HDMI na jikin kartmer ba zai fitar da komai ba da wannan firosesa naka, ko da komai lafiya lau yake. Ka kuma duba ko ka sa wa katin wayarsa ta wuta mai haƙora 8, don 1660 Super ba ya ƙoshi da abin da ramin kartmer ke ba shi.

Mai Hoto, Garwa:
Na mayar da ita jikin kati, wayar wutarsa ma tana ciki tun farko. Na canja wata wayar HDMI, na gwada da talabijin ɗin falo. Shiru dai.

Na Kusiri:
Na faɗa maka. Akwatin wuta.

Malam Injiniya, Marwa:
Salamu alaikum. Ɗana Mai Hoto, ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka fitar da ko dala ɗaya tukuna. Na Kusiri, ban ce ba zai yiwu ba, amma ba mu da hujja har yanzu. Kartmer ɗin nan yana da bakin magana, sai dai ba da ƙara yake yi ba. A gefen dama, kusa da inda babbar waya mai haƙora 24 ke shiga, akwai ƙananan fitilu huɗu a jere. An rubuta musu CPU, DRAM, VGA, BOOT. In ka kunna, yana bin su ɗaya bayan ɗaya: ya duba firosesa, ya duba ram, ya duba katin hoto, sannan ya nemi inda zai tayar da Windows. Inda ya maƙale, fitilar wurin ce za ta tsaya a kunne. Buɗe murfin gefe, ka kunna, ka zuba musu ido, ka gaya mana wacce ta tsaya. Rashin ƙara kuma ba alamar komai ba ne, yawancin akwatunan kwamfuta na yanzu ba sa zuwa da ɗan lasifikan nan da muka saba jin ƙararsa a dā.

Mai Hoto, Garwa:
Malam, ta sama ce, mai CPU. Tana kamawa tun da na danna, kuma ba ta mutuwa. Sauran ukun ba su ko ƙyafta ba.

Malam Injiniya, Marwa:
Madalla, yanzu mun rage hanya. Ram da katin hoto da SSD duk ka ajiye zancensu, ba a ma kai kansu ba. Abubuwan da ke tsayar da wannan fitila kaɗan ne: ko wuta ba ta isa ga firosesa, ko bai zauna daidai a gurbinsa ba, ko kartmer bai gane shi ba, ko kuma wani ƙarfe na taɓa bayan kartmer. Fara da mai sauƙi. A saman kartmer ta hagu, can lungu bayan fankar firosesa, akwai rami mai haƙora 8. Ka sa masa waya? Kuma wace waya? Ta firosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, ta katin hoto tana rabuwa shida da biyu. Ba a musanya su, tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne.

Mai Hoto, Garwa:
Mai huɗu da huɗu ce, an rubuta CPU a kanta. Na cire na sake turawa har ta yi ƙas. Fitila na nan.

Alhaji Mai Shago, Njamena:
Ni fa wannan haɗe-haɗen ne ban taɓa gane amfaninsa ba. Da kuɗin nan da ka zo an ba ka Dell ko HP ta ofis, ta hannu, ka kai gida ka soka ka fara aiki. Yanzu ga shi kaya daga Duwala, kaya daga Garwa, in ka koma wa wannan ya ce laifin wancan ne. Wa za ka kama?

Ɗan Gidar:
Alhaji, ranka ya daɗe, ga mai buga takarda da shiga intanet maganarka dutse ce. Amma mai tace bidiyo fa? Waɗannan na ofis akwatin wutarsu ƙarami ne, da yawa ba su kai wat 300 ba, wayoyinsu na kamfani ne ba irin na kowa ba, kuma siraran cikinsu ko kati mai tsayi ba ya shiga. Ranar da akwatin ya ƙone sai an nemo irinsa sak.

Alhaji Mai Shago, Njamena:
Amma dai suna tashi.

Shugaban Zaure:
Alhaji da Ɗan Gidar, wannan muhawara ce mai kyau, a buɗe mata nata wuri. Nan a bar yaro ya samu mafita tukuna.

Na Kusiri:
To in ba akwatin wuta ba ne, firosesan ne ya mutu. Kayan da ya kwana a mota daga Duwala, ana jefa buhuna a kansa? Ko dai ƙafafunsa sun lanƙwashe. Ka mayar musu tun kafin su ce kai ka lalata.

Malam Injiniya, Marwa:
Zancen akwatin wuta mu kashe shi da awo, ba da baki ba. Mai Hoto, akwai mai gyaran waya ko rediyo kusa da kai da zai ara maka mitar auna wuta? Cire duk wayoyin akwatin daga jikin kartmer. A babbar wayar nan mai 24 akwai koriya guda ɗaya tak. Lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, ka haɗa koriyar da kowace baƙa da ke gefenta, sannan ka kunna akwatin ta baya. Fankarsa za ta tashi. Sai ka sa baƙin tsinken mita a baƙar waya, jan tsinke ka bi da shi: rawaya ta ba da volt 12, ja ta ba da 5, ruwan lemo ta ba da 3.3. An yarda da saɓanin kashi 5 cikin ɗari, wato rawaya kada ta gaza 11.4, kada ta wuce 12.6. In wayoyinka duk baƙaƙe ne, kada ka yi ƙiyasi, ka nemi zanen, haƙori na 16 ne a madadin koriyar. Kuma ka auna ta firosesa mai huɗu da huɗu ita ma. Abu ɗaya: ko da wasa kada ka kwance murfin akwatin wutar kansa. Akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare shi daga bango.

Mai Hoto, Garwa:
Na samu mita wajen maƙwabcina mai gyaran waya. Rawaya 12.1, ja 5.0, ruwan lemo 3.3. Ta firosesa ma 12.1.

Na Kusiri:
Awo ba tare da nauyi a kai ba ai ba hujja ba ne. Akwati na iya nuna 12 a zaune, da kaya sun ja sai ya faɗi.

Malam Injiniya, Marwa:
Wannan gaskiya ka faɗa, kuma yana da kyau a sani. Sai dai akwatin da ke faɗuwa in an ja, alamarsa daban ce: kwamfuta ta tashi ta mutu, ta sake tashi, ko ta ɗauke ana tsakiyar aiki mai nauyi. Tasa kuwa tana nan a kunne, fankoki na gudu daidai, fitila ɗaya ce ta kafe. Firosesa mai wat 65 a daƙiƙar farko ba abin da yake ja da zai durƙusar da akwati. Mu ajiye shi gefe, ba mu wanke shi duka ba, amma ba shi ne na gaba a layi ba.

Yanzu ɗana, sai haƙuri. Fitar da kartmer daga akwatin kwamfutar gaba ɗaya, ka ɗora shi a kan kwalinsa. Ba a kan ledar nan mai sheƙi da ya zo a ciki ba, kan kwalin kansa. Ka duba cikin akwatin: ƙananan ginshiƙan tagulla da kartmer ke zama a kai, kowanne dole ya dace da rami a jikin kartmer. In akwai ɗaya da ya yi saura a inda babu rami, yana iya taɓa layukan baya. Ka bar firosesa da fankarsa, ram ɗaya, katin hoto, da wayoyin wuta. Sauran duka a cire. Don kunnawa, taɓa haƙora biyun maɓallin wuta da bakin sukudireba, littafin kartmer ya nuna su a wurin da aka rubuta JFP1. Kuma da yake hunturu ne, iska a bushe, ka riƙa taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka taɓa kayan, ka cire rigar sanyi mai tartsatsi.

Mai Hoto, Garwa:
Na yi duka Malam. Ginshiƙai tara, ramuka tara, babu saura. A kan kwali ma fitilar CPU ce. In cire firosesan in duba ƙafafun?

Malama, Ngaundere:
Assalamu alaikum. Malam Injiniya, a gafarce ni in sa baki kafin ya cire. Ƙanena, kwalin kartmer ɗin yana gabanka ai. Juya shi ka duba, akwai ɗan tambari da aka buga ko aka manna mai cewa Ryzen Desktop Ready, da lamba a tsakiya. Lambar nawa ce, 3000 ko 5000? Kuma shagon da ka saya, kayan na tafiya da sauri ko kwalin ya yi ƙura?

Mai Hoto, Garwa:
Malama, 3000 aka rubuta. Kwalin kuwa sai da mai shagon ya kaɗe shi da tsumma kafin ya miƙo mini, har ya yi mini ragi don ya daɗe a kanta.

Malama, Ngaundere:
To ina kyautata zaton mun gano. Babu abin da ya mutu, in sha Allah. B450 ya fito a 2018, wannan samfurin naka mai Max ya zo a 2019 tare da Ryzen 3000. Jerin 5000 sai a Nuwamban 2020 ya fara fitowa, shi kuwa 5600 naka sai a 2022. A jikin kartmer akwai ɗan ƙaramin shiri, BIOS, shi ne ke fara farkawa ya tayar da firosesa. Kamar maigadi ne da aka ba takardar sunayen baƙi: gurbin firosesa, AM4, ɗaya ne, firosesa ya shiga ya zauna daram, amma sunansa ba ya cikin takardar da aka rubuta tun kafin a ƙera shi, don haka ba za a buɗe masa ba. Maganin shi ne a sabunta BIOS. Wannan ba laifin mai ƙera ba ne, ba kuma lallai mai shago ya sani ba. Kaya ne ya daɗe a ajiye. A nan arewacin Kamaru abin na yawan faruwa, don kartmer na iya shekara da shekaru a shago, firosesa kuwa a yi odarsa sabo.

Na Kusiri:
To ta yaya zai sabunta alhali ko hoto ba ya gani? Sai ya nemo tsohon Ryzen ya sa tukuna. A Garwa wa zai kwance kwamfutarsa ya ara masa?

Malama, Ngaundere:
Da wani kartmer ne, haka za a yi. Amma nasa yana da ɗan maɓalli a baya, wajen ramukan USB, an rubuta Flash BIOS. Da shi ana sabuntawa ba firosesa, ba ram, ba ekran. Wuta kawai da kile, wato filashin USB.

Malam Injiniya, Marwa:
Allah ya yi miki albarka Malama. Tambarin kwalin nan hujja ce mai ƙarfi, kuma gwada ta bai kai haɗarin cire firosesa ba. A AM4 ƙafafun a jikin firosesa suke, sirara ƙwarai, kuma man da ke tsakaninsa da fanka kan kama shi, mutum ya ja fanka sai ta fizgo shi daga gurbi a kulle. In ta kama dole a cire nan gaba, a murɗa fankar hagu da dama a hankali kafin a ɗaga. Yanzu dai bar shi. Ki ba shi matakan.

Malama, Ngaundere:
Ƙanena, ka bi a hankali. Da wata laftof mai aiki shiga shafin kamfanin, ka nemi sunan kartmer ɗinka harafi da harafi. Akwai Tomahawk zalla, akwai Max, akwai Max II, kowanne da nasa fayil, kada ka ɗauki na wani. Sauke BIOS na baya-bayan nan wanda ba na gwaji ba. Zai zo a dunƙule, ka warware shi. A ciki akwai fayil mai suna da ya fara da E da lambobi. Canja masa suna gaba ɗaya ya koma MSI.ROM. Ka goge kile da tsarin FAT32, ka sa fayil ɗin a fili, ba cikin wata jaka ba. Sai ka haɗa wa kartmer waya mai 24 da mai 8 ta firosesa, ka kunna akwatin wuta ta baya amma kada ka tayar da kwamfutar. Soka kile a ramin da littafi ya ware wa wannan aiki, rami ɗaya ne kawai ke yi, sannan ka danna maɓallin. Fitila za ta fara ƙyaftawa. Ka bar ta har ta daina da kanta, yakan ɗauki minti biyar ko fiye. Masu Gigabyte da Asus su ma suna da irin wannan a wasu samfuran, sai dai sunan da ake ba fayil ɗin daban ne.

Alhaji Mai Shago, Njamena:
Nan kam zan yi magana, don wannan na sani. Kada ka kuskura ka fara a kan kuran, wato wutar gari. In aka ɗauke ana tsakiyar rubutawa, kartmer na iya zama allo kawai. Mu nan ko firinta ba na sabunta wa shiri sai a kan batir.

Mai Hoto, Garwa:
Alhaji ina da regilata, ba zai wadatar ba?

Alhaji Mai Shago, Njamena:
A'a ɗana. Regilata daidaita ƙarfin wuta yake yi, in ta yi ƙasa ya ɗaga ta zuwa wajen 220, in ta yi sama ya sauke. In an ɗauke, shi ma ya mutu nan take. Ondila kake buƙata, mai batir a ciki, ko wanda ke da sola da inbata. Ko ƙaramin ondila ya isa, don aikin nan ba ya cin wuta.

Ɗan Gidar:
Gaskiyar Alhaji. Mu duka daga Ngaundere har Marwa kan layi ɗaya muke, kuma uwar wutar ita ce madatsar Lagdo, megawat 72 in ruwa ya cika. Da rani ya tsananta ruwan Binuwai ya ja baya, sai a shiga rabo. Tashoshin sola na nan Gidar da na Marwa da aka buɗe a 2023 sun rage wahala, musamman da rana, amma ban ba kowa shawarar ya jingina kartmer ɗinsa da sa'a ba.

Malama, Ngaundere:
Haka ne. Ko da yake mai irin wannan maɓalli galibi ana iya sake gwadawa in an katse, tunda ba ya dogara da BIOS ɗin da ke ciki. Duk da haka a nemi batir.

Mai Hoto, Garwa:
Na kai kayan shagon wani abokina mai sola. Na danna, fitila ta ƙyafta kaɗan sai ta tsaya, ko minti ɗaya ba a yi ba. Na kunna, CPU dai. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Malama, Ngaundere:
Kada ka karaya, wannan na nufin bai karanta fayil ɗin ba ne, bai ma fara rubutawa ba. Kile ɗin giga nawa ne? Kuma a laftof, ka sa a nuna maka ƙarshen sunayen fayil?

Mai Hoto, Garwa:
Giga 64 ne. Da na zo gogewa ban ga FAT32 a zaɓi ba, sai exFAT da NTFS, na ɗauki exFAT.

Malama, Ngaundere:
Shi ne. Windows ba ta saba ba da FAT32 ga abin da ya wuce giga 32 ta wannan taga ba. Nemi tsohon kile ƙarami, giga 4 ko 8, irin na USB 2.0 da ake sa waƙoƙi a mota, sun fi yin wannan aiki. Sannan ka kunna nuna ƙarshen suna, don in a ɓoye yake, kai kana ganin MSI.ROM alhali tsohon ƙarshen na maƙale a bayansa.

Mai Hoto, Garwa:
Allahu akbar! Na samu mai giga 8 wajen wani direba. Wannan karon fitila ta yi ta ƙyaftawa, ta ƙara sauri, muna zaune ba mai magana, can ta mutu da kanta. Na mayar da ram biyun, na taɓa da sukudireba. Fitilar CPU ta kama ta saki! Amma yanzu ta biyu ce ta tsaya, DRAM.

Na Kusiri:
To ram ɗin ne jabu ke nan.

Malam Injiniya, Marwa:
Na Kusiri, ka bari a gwada kafin a yanke wa kaya hukunci. Ɗana, wannan ci gaba ne babba, firosesanka na da rai. A waɗanne ramuka ka sa ram? Ƙirga daga wajen firosesa.

Mai Hoto, Garwa:
Na ɗaya da na biyu.

Malam Injiniya, Marwa:
Zare wuta daga bango. Cire su duka. Sa guda ɗaya a rami na biyu, wanda aka rubuta DIMMA2. Dubi tsagar da ke ƙasan ram ɗin, ba a tsakiya take ba, ta dace da tudun cikin ramin. Danna da manyan yatsu biyu a gefe da gefe har maƙallan su rufe da kansu. DDR4 na son ƙarfi fiye da yadda sabon hannu ke zato, sau da yawa gefe ɗaya ya shiga ɗaya na sama da ɗan kaɗan, ido ba ya gani. Kafin ka kunna, share tsohon saiti: akwai haƙora biyu da aka rubuta JBAT1, haɗa su da sukudireba kamar daƙiƙa goma, wuta a zare. Ko ka cire batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ka ɗan jira ka mayar. In ta tashi da ɗaya, sai ka ƙara na biyun a rami na huɗu, DIMMB2. Biyu da huɗu, haka ake sa guda biyu don su yi aiki ta hanya biyu. Kuma tashin farko yakan ɗan jima, har ta mutu ta sake tashi da kanta, kada ka katse ta.

Mai Hoto, Garwa:
Alhamdu lillahi! Malam, hoto ya fito! Na ga tambari, na shiga BIOS, ya rubuta Ryzen 5 5600, da na ƙara na biyun ya nuna giga 16. Wallahi har hannuna na rawa. Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan mahaifa.

Malama, Ngaundere:
Amin ƙanena. Yanzu mayar da shi akwati, amma abu ɗaya-ɗaya. Ka sa, ka kunna, ka gani, sannan na gaba. In wani abu ya dawo da matsala za ka san wanne ne.

Mai Hoto, Garwa:
Na mayar, komai na tafiya, sai dai ta ƙarshe, BOOT, ta tsaya, kuma kullum BIOS take mayar da ni. Sabon M.2 ya fito a jeri, tsohon SSD mai Windows kuwa babu shi sam.

Ɗan Gidar:
A wane ramin SATA, wato ramukan da wayar SSD ke shiga, ka sa shi? A wannan kartmer, in ka sa M.2, rami na 5 da na 6 sun daina aiki, hanya ɗaya suke rabawa. Mayar da shi na 1 ko na 2.

Mai Hoto, Garwa:
Na 6 ne, don shi ya fi kusa da waya. Na mayar na 1, ya fito a jeri. Amma Windows ba ta tashi daga kansa.

Malama, Ngaundere:
Wataƙila an girka ta da tsohon tsari ne, MBR, kartmer kuwa yana kan sabon tsari zalla, UEFI. Za ka iya kunna CSM a BIOS, saitin da ke karɓar tsohon tsari, ta tashi, amma ban ba ka wannan shawara ba. Windows ɗin laftof ce, cike da direbobi, wato shirye-shiryen sarrafa kaya, na wata na'ura, kuma in 10 ce, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025. Ka zare tsohon SSD tukuna don kada ka goge aikin mutane bisa kuskure, ka shirya kile mai giga 8 ko fiye, ka girka Windows 11 sabuwa a kan M.2. Tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro, firosesanka na da shi, a BIOS sunansa fTPM, ka tabbata a kunne yake. Bayan ta tashi sai ka mayar da tsohon ka kwashe fayilolinka.

Alhaji Mai Shago, Njamena:
Barka ɗana. Ban canja ra'ayi ba, amma na ji daɗi da kuɗinka bai faɗa ruwa ba. Kuɗin akwatin wutar da ba ka saya ba, ka ƙara ka sayi ondila. Ka kuma duba ko soket ɗin shagonka na da wayar ƙasa. In kana taɓa jikin akwati kana jin yana ɗan cizo, babu ita, ka kira mai wuta ya kafa maka ƙarfe.

Na Kusiri:
Barka. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: ka sa ido a kan akwatin wutar nan ranar da ka fara fitar da bidiyo mai tsawo, katin hoto da firosesa na ja tare. In ta ɗauke a lokacin, shi ne.

Malam Injiniya, Marwa:
Wannan gwaji ne mai kyau, a yi shi.

Mai Hoto, Garwa:
Windows 11 ta hau, na kwashe ayyukana. Na fitar da bidiyon biki mai tsawon awa ɗaya, ba ta ɗauke ba. Tambaya biyu suka rage. Ram ɗin an rubuta gudun 3200 a jikinsa amma tana nuna ƙasa da haka. Kuma zafin firosesa ya kai digiri 78 lokacin aikin, ina tsoron watan Afrilu a Garwa.

Malam Injiniya, Marwa:
Na farko, shiga BIOS ka kunna A-XMP, zai hau 3200. In ta ƙi tashi bayan haka, ka san JBAT1 yanzu. Na biyu, 78 a kan aiki mai nauyi da fankar da ta zo a kwali ba abin tsoro ba ne, iyakarsa wajen 90, kuma yana rage gudu da kansa kafin ya cutu. Amma ka yi gaskiya, in zafin gari ya haura 40 lambar za ta ƙaru. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora a tebur, kada ka manna bayansa da bango, ka sa fanka biyu a gaba masu shigar da iska, ɗaya a baya mai fitarwa. Ƙurar hunturu kuma ka riƙa hure ta da abin hura iska, wuta a zare, kana riƙe da fiffiken fanka da yatsa kada ya yi ta juyawa. In Maris ya shiga ka ga tana wuce 85, sai ka nemi babbar fanka mai tsayi, ka auna faɗin akwatinka kafin ka biya.